Hannu ko keke: wane sauri ne naki a ɗinkin bargon ƙyallaye?

Kusan kowane gida akwai ledar nan. Tana ƙarƙashin gado ko a ƙasan akwati, cike da ƙyallayen da tela ya dawo da su: ragowar atamfar ƙaramar salla, guntun shaddar maigida, saura daga ankon bikin da aka yi shekara uku da suka wuce. Ba su isa riga ba, zuciya kuma ba ta yarda a zubar ba. Irin wannan ledar ce ta ja ni cikin ɗinkin bargon ƙyallaye, wanda Turawa ke kira kwilt, kuma tun da na fara babu tambayar da aka fi yi mini kamar ta lokaci. Kwanan baya ƙanwata ta same ni da allura a hannu, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, “Yaya, wai wannan bargon ba tun azumi kike kansa ba? Ni fa na ga masu gama nasu a kwana biyu.” Gaskiya ta faɗa. Akwai masu gamawa a kwana biyu, akwai masu shekara biyu a kan guda ɗaya. Ita ma so take ta fara, amma ba ta san hanyar da za ta kama ba, shi ya sa na zauna na baje mata abin da na sani.

Bargon hawa uku ne. Akwai fuska, wato ƙyallayen da aka harhaɗa suka ba da zane. Akwai ciki, auduga ko wani abu mai taushi. Akwai baya, yadi guda shimfiɗaɗɗe. Sai ɗinkin da ke ratsa ukun ya riƙe su wuri ɗaya. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan lifidi a hawan salla a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ganta da idonsa: yadi sama, yadi ƙasa, audugar rimi a tsakiya, an bi da ɗinki don kada audugar ta dunƙule gefe guda. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, lifidi ya shigo tare da kwalkwali da sulke. Amma bargon gado na ƙyallaye a matsayin aikin sha'awa, da ƙungiyoyinsa da gasanninsa da kayan aikinsa na musamman, a Amurka da Ingila ya fi kafuwa, kuma can aka fi daɗewa ana wannan gardama ta sauri da nawa.

Abin da na fara gyara wa ƙanwata shi ne tambayar kanta. “Hannu ko keke” ba tambaya ɗaya ba ce, domin aikin kashi huɗu ne: yanka, haɗa fuska, ɗinke hawa ukun, sai naɗe baki. Kowanne kina iya zaɓar masa hanyarsa daban. Mutanen Amish na yankin Lancaster a jihar Pennsylvania, waɗanda ba sa jan wutar lantarki zuwa gidajensu kuma bargunansu suka yi suna a duniya, da keken ƙafa suke haɗa fuska, sannan mata su taru su kewaye katako su ɗinke hawa ukun da hannu, kamar aikin gayya. Ba su ɗauki wannan a matsayin raba ƙafa ba. Sun ba keke abin da keke ya fi iyawa, sun bar wa hannu abin da hannu ya fi iyawa.

Yanka ba ya buƙatar dogon bayani. Ko dai ki yanka kwali daidai girman da kike so, ki ɗora a kan ƙyalle ki zana ki bi da almakashi ɗaya bayan ɗaya, ko ki sami wuƙar nan mai kamar taya da kamfanin Olfa na Japan ya fito da ita a 1979, tare da faifan da ake yanka a kansa da rula mai kauri. Da ita ana ninke yadi hawa huɗu a tsaga shi a ja ɗaya, kuma ita ce ta fi komai sauya saurin wannan aiki a zamaninmu. Sai dai amfaninta yana fitowa ne idan yadi mai faɗi kike yankawa. Idan ƙyallayen tela ne, wannan ya karkace wancan guntu, dole ki bi su ɗaya-ɗaya ko da me kike yanka, don haka kada rashin wuƙar ya hana ki farawa. Almakashi mai kaifi da kwalin sabulu sun isa.

A haɗa fuska ne tazarar ke fitowa fili. Ɗauki bargon jariri mai sauƙi: ƙyallaye masu kusurwa huɗu, inci biyar-biyar, layi 11 kowane layi guda 9, jimla 99. Ana barin rubu'in inci a kowane gefe don ɗinki, saboda haka bargon zai fito wajen inci 40 da inci 50. A keke, idan an riga an yanka, aikin yini ɗaya ne ga wadda ƙafarta ta saba, musamman in ta koyi dabarar jerawa: ki haɗa ƙyalle bibbiyu ki riƙa tura su ƙarƙashin allura ɗaya na bin ɗaya ba tare da kin tsinka zare ba, su fito ta baya kamar tutocin maulidi, sai a ƙarshe ki rarraba. Keken ƙafa irin Butterfly ko tsohon Singer da ke ɗakunan iyayenmu ya wadatar, don miƙaƙƙen ɗinki kawai ake buƙata, kuma ba ruwansa da an kawo wuta ko an ɗauke.

Amma saurin keke yana da haraji. Rubu'in incin nan dole ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Idan a wani layi ɗinkinki ya shige ciki da kaurin tsinken ashana kawai, kowane haɗi ya ci tsinke biyu ke nan, ɗaya daga kowane ƙyalle. A babban bargo mai ƙyalle 20 a layi akwai haɗi 19, sai ki ga layin ya gaza ɗan'uwansa da kusan inci uku. Daga nan sai reza da farke ɗinki, kuma farke ɗinkin keke ya fi yin sa cin lokaci nesa ba kusa ba. Wannan shi ne sauri ya haifi nawa. Haka guga: duk layin da aka ɗinka sai an kwantar da haɗinsa da dutsen guga kafin a ɗora na gaba, kuma masu cewa sun gama a kwana biyu ba kasafai suke lissafa tashi da zaman da ke tsakanin keke da teburin guga ba.

Haɗawa da hannu kuwa wata duniya ce. Hanyar da na fi so ita ce ta Ingila, inda ake yanka takarda mai ɗan kauri a siffar da ake so, galibi mai kusurwa shida kamar saƙar zuma, a lulluɓe ta da ƙyalle a kama da ɗinkin wucin gadi, sannan a haɗa baki da baki da ƙananan ɗinki, a zare takardun daga baya. Tsohuwar hanya ce ƙwarai. Akwai wani mayafin gado na alharini mai ɗauke da shekarar 1718 da ƙungiyar masu wannan ɗinki ta Birtaniya ke adanawa, da takarda aka haɗa shi. Kyawunta shi ne kusurwa ba ta kuskurewa, takardar ce ke riƙe awo, ko yarinya za ta fitar da aiki tsaf. Ga kuma lissafinta. Babban bargo na inci 90 da inci 90, idan kowane gefen saƙar zumar inci ɗaya ne, yana cin guda 3,100 ko kusa da haka. A hannuna kowane ɗaya, daga lulluɓewa zuwa haɗawa, yana ɗaukar kamar minti shida. Awa 310 ke nan. Ko kullum kina ba shi awa guda ba fashi, wata goma ne kafin fuska kaɗai ta kammala.

Da na faɗa wa ƙanwata haka sai ta riƙe baki ta ce, “Tabɗi! Ai keke ya gama magana.” Na ce mata ta dakata, domin a nan ne yawancin masu farawa ke yin zaɓin da ba nasu ba.

Lokacin mutane iri biyu ne, kamar yadi. Na wasu turmi ne: suna da yammacin Asabar sukutum, ko safiya bayan yara sun tafi makaranta, awa uku ko huɗu a jere babu mai kira. Na wasu kuwa ƙyallaye ne: minti goma kafin tuwo ya nuna, minti ashirin a layin asibiti, rabin awa bayan isha'i kafin barci ya ɗauke su. Keke lokaci mai turmi yake so. Sai an buɗe shi, an sa zare, an share wuri, an kunna dutsen guga, an baje ƙyallaye a tabarma, kuma in an gama sai an tattare kafin yara su tattaka. Minti goma ba ya isar ko shirin. Wadda lokacinta ƙyallaye ne ta sayi keke don sauri, za ta iya yin wata biyu ba ta buɗe shi ba, tana jiran ranar da za ta sami sarari, ranar kuma ba ta zuwa. Aikin hannu kuwa yana shiga 'yar jaka: allura, zare, ƙaramin almakashi, ƙyallaye goma. Ana yinsa a mota, a gidan suna, a tsakar gida ana hira. Minti goma sha biyu saƙar zuma biyu ne, kuma biyun nan sun shiga lissafi har abada. Na ga wadda ta gama fuskar bargo da hannu kafin mai keke ta gama tata, don kawai ɗaya tana taɓa aikinta kullum, ɗayar kuwa sai an yi hutu. Don haka kafin ki tambayi wace hanya ta fi sauri, ki dubi makon da ya wuce ki ga wane irin lokaci kika samu a cikinsa. Kada ki dubi makon da kike fatan samu.

Yanzu ga babban aikin, ɗinke hawa uku, inda barguna da yawa ke maƙalewa. Fuska tana da daɗin yi domin kullum ido na ganin sabon launi. Da an gama ta aka shimfiɗa baya da ciki da fuska a ƙasa aka kama su da fil, sai abu ya zama ƙato, mai nauyi, kuma abin da ya rage maimaici ne.

Ɗinkin hannu na gargajiya ƙanana ne, da gajeriyar allura da ƙarfen da ake sa wa yatsa, ana loda ɗinki uku ko huɗu a allura kafin a ja. Gwanaye suna yin takwas zuwa goma sha biyu a inci ɗaya. Mu koma ga bargonmu na inci 90. Idan layukan ɗinki suna tazarar inci biyu, a tsaye da a kwance, tsawonsu gaba ɗaya inci 8,100 ne. A ɗinki takwas kowane inci, 64,800 ke nan. Mai yin 15 a minti za ta ci awa 72, ban da sa zare da ƙulli da gyara zama. Rabin awa a rana, kusan wata biyar. Abin da ake samu a madadin wannan lokaci shi ne laushi. Bargon da aka ɗinke da hannu yana bin jiki, yana lanƙwasa kamar tsohon zane, kuma ɗinkin yana barin 'yan ƙananan ramuka da ke kama haske, abin da keke ba ya bayarwa.

Akwai tsaka-tsaki da nake ganin ya fi dacewa da mu: babban ɗinki da zare mai kauri, irin wanda ake surfani da shi, guda huɗu a inci. Ya rage aikin da rabi, ba ya buƙatar shekarun horo, kuma maimakon a ɓoye zaren sai ya zama ado, fari a kan shuɗi ko ja a kan baƙi. Hannun da ya taɓa ɗinkin hula zai kama shi a zama ɗaya. Dalilin da ya sa na fifita shi shi ne irin yadinmu. Atamfa tana da ƙarfi da sitati, shadda kuma saƙarta a matse take, gajeriyar allurar nan tana shan wuya kafin ta ratsa su, yatsa kuma ya fi ta shan wuya. Ki wanke ƙyallayen tukuna, su yi laushi, masu zuba kuma su zubar da abin da za su zubar kafin su haɗu da farin ƙyalle. Leshi da yadin roba mai santsi ki ware su gefe, ba sa zama lafiya da auduga, kuma za su ci miki lokaci a banza.

Keken gida yana iya ɗinke hawa uku, kuma a lissafin takarda awa biyu ko uku ne, tunda keken lantarki yana zuba ɗaruruwan ɗinki a minti. A aikace kokawa ce. Sararin da ke tsakanin allura da jikin keke bai wuce inci shida ko bakwai ba, kuma ta nan za ki cusa rabin bargon gado a naɗe kamar tabarma, kafaɗa na ɗauke da sauran. Haƙoran keke suna jan hawan ƙasa fiye da na sama, sai baya ya tattare ya yi ninki ba ki sani ba sai kin juya. Akwai wata ƙafar keke ta musamman mai haƙora a sama da ke jan hawa ukun tare, tana rage wannan matsala sosai. Ga bargon jariri ko na ɗora wa ƙafa, keke ya yi, yamma ɗaya an gama. Ga na babban gado ki ware kwana uku ko huɗu, ki jingina tebur a bayan keken don ya ɗauki nauyi, ki fara daga tsakiya kina fita gefe.

A Amurka akwai mafita ta uku da ta zama ruwan dare: wani dogon keke da ke gudu a kan dogo mai tsawon ƙafa 10 zuwa 14, ana shimfiɗa bargon a miƙe, keken ne ke yawo a kansa. Tsadarsa ta dubban daloli ce, don haka yawanci ba sa saya, sai su kai fuskar da suka haɗa wa mai shi ya ɗinke, a biya gwargwadon faɗin bargon. Shi ya sa za ki ga mace ɗaya ta fitar da barguna goma sha a shekara. Rabin aikin ba ita ta yi ba, kuma babu laifi a ciki, amma ya kamata mai kwatanta kanta da ita ta san haka. Mafi kusa da wannan a wajenmu su ne telolin da ke ɗinka manyan bargunan gadon amare da keken masana'anta. In za ki kai musu, ki fara gwada su da ƙaramin aiki, ki kuma zana musu layukan da alli, domin sun saba da yadi guda mai santsi, ba fuska mai haɗi ɗari huɗu ba.

Hanya mafi sauri duka ita ce ƙulli: a soka zare mai kauri ya ratsa hawa ukun a dawo da shi a ƙulle, kowane inci huɗu ko biyar. Yini ɗaya ya isa babban bargo. Bai kai ɗinki ƙarko ba wajen yawan wanki, amma ga bargon sanyi mai kauri ya wadatar.

Akwai masu ganin duk abin da keke ya taɓa ya rage daraja. Wannan gardama an yi ta da zafi a Amurka. A 1989, a babbar gasar garin Paducah ta jihar Kentucky, bargon Caryl Bryer Fallert ya lashe kyautar farko, kuma shi ne karon farko da wanda aka ɗinke da keke ya yi hakan. Mutane da dama ransu ya ɓaci, suna ganin an ci amanar sana'a. Yau kuwa ɗinkin keke ne ya fi yawa a irin waɗannan gasanni. Ni dai ban ga daraja a jinkiri don kansa ba, ban kuma ganta a sauri ba, kuma barguna biyu ne suka koya mini haka. Ɗaya na Jane Stickle ne, wata mata a jihar Vermont, wanda ta gama a 1863 ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Yana da murabba'i 169, kowanne da zanensa daban, kuma ta rubuta adadin ƙyallayensa a kusurwa da zare: 5,602. Yana gidan tarihi na Bennington, mata a ƙasashe da yawa suna kwaikwayonsa, wasu su yi shekaru a kai. Ɗayan kuwa ba guda ɗaya ba ne, bargunan matan Gee's Bend ne, wani ƙauyen baƙaƙen fata a jihar Alabama, jikokin bayin gonakin auduga. Su ba su da shekaru da za su ba bargo ɗaya. Gidajensu ba abin ɗumama ɗaki, yara da yawa, kowane gado yana buƙatar barguna a jibge kafin sanyi ya shigo. Sai suka riƙa yage tsofaffin wandunan aiki da buhuna manya-manya, ba rula ba kwali, suna haɗawa da ido bayan an dawo daga gona. A 2002 aka baje su a gidan kayan fasaha na Houston sannan a Whitney na New York, a 2006 kuma hotunansu suka hau kan sarki na gidan wayar Amurka. Jane Stickle ta yi aikin da ya dace da zamanta, matan Gee's Bend sun yi wanda ya dace da nasu, kuma da an musanya musu hanya da babu ɗayansu da za mu sani yau.

Darasin Gee's Bend yana da amfani kai tsaye ga mai son sauri: girman ƙyalle ya fi nau'in kayan aiki tasiri a kan lokaci. Bargon inci 90 da ƙyallen inci biyar yana cin guda 400. Da na inci goma bai wuce 100 ba. Atamfa ma ta fi son a yanka ta da faɗi, domin zanenta manya ne, in aka daddatsa ta ƙanana sai furen ya ɓace.

Akwai wata hanya da ta haɗe aiki biyu wuri ɗaya, wadda nake ganin ta cancanci a gwada. Mutanen Siddi na jihar Karnataka a Indiya, waɗanda asalin kakanninsu daga Afirka ne, suna yin bargo mai suna kawandi. Suna shimfiɗa tsohon sari, wato zanen matan Indiya, su fara daga baki, su ɗora ƙyalle su kalmashe gefensa su bi da ɗinki, su ɗora na gaba, suna zagayawa har su ƙare a tsakiya. Ba awo, ba keke, ba ranar shimfiɗa hawa uku a ƙasa, ba naɗe baki daga baya. Ɗinkin ƙarshe a tsakiya shi ne gamawa. Tsohon zanen atamfa da ya yi laushi zai tsaya a madadin sari, kuma karkatattun ƙyallayen tela sun fi shiga wannan hanya fiye da kowace.

Sai batun guda nawa za ki riƙe a lokaci ɗaya. Masu wannan ɗinki a Amurka har laƙabi suka yi wa ayyukan da aka fara aka ajiye, suna ce musu UFO, kuma akwai masu tarin su cikin akwatuna. Mai bin guda ɗaya har ƙarshe tana gamawa, sai dai in ta iso wurin da ya gundure ta takan daina ɗinkin gaba ɗaya na watanni. Mai buɗe biyar ba ta gundura, amma taura biyu ma ba ta taunuwa balle biyar, kuɗinta da ƙyallayenta suna kwance a ayyukan da babu wanda ya rufu da su. Abin da ya zauna mini shi ne biyu masu hali daban: ɗaya na keke don ranar da aka sami sarari, ɗaya na jaka don guntayen mintoci. Ba na buɗe na uku sai ɗaya ya hau gado. Yanayi ma yana raba mini su. A Maris da Afrilu babu mai iya ɗora bargo mai hawa uku a cinya, lokacin haɗa fuska ne. Da hunturu ya shigo, ɗinkin hannu ya zama daɗi biyu, kina aiki kina rufe da aikin.

Wanda za a ba bargon shi ma yana da ta cewa. Na jariri zai sha fitsari da wanki kowane mako, kuma yana da rana: in ana so a kai shi ranar suna, kwana bakwai ne bayan haihuwa, babu ɗagawa. Wannan na keke ne daga farko har ƙarshe, ɗinkin keke ya fi jure wanki, kuma a fara tun cikin yana wata shida. Na 'yar da za a aurar nan da shekara biyu, wanda kike so ta ajiye ta nuna wa 'ya'yanta ta ce wannan zanen kakarku ne, wannan ankon bikin gwaggo ne, shi ya cancanci watannin hannu. Kuskuren da na fi gani yana karya gwiwa shi ne a ɗauki aikin wata goma a sa masa ranar wata biyu. Daga nan abin sha'awa ya koma bashi, ana kwana ana ɗinki da fitilar waya, ido na yaji, wuya na ciwo.

Kafin ki yanke shawara ki yi gwaji ɗaya da agogo. Ki haɗa ƙyalle tara da hannu ki rubuta mintocin, ki haɗa wasu tara da keke, har da shiri da guga da tattarewa, ki rubuta. Ki ninka da yawan da bargon ke buƙata, ki raba da mintocin da kike samu a mako. Adadin da ya fito naki ne, ya fi duk abin da ni ko wata za mu faɗa miki, kuma ki lura da wanne daga cikin biyun kika ji ba kya son ajiyewa.

Ƙanwata tana koyarwa da safe, tana da goyo, keken mahaifiyarmu kuma yana ɗakina ba nata ba. Muka yi lissafin tare, muka tsayar da bargon jariri mai ƙyalle 99. Za ta zo ranar Asabar biyu ta haɗa fuskar a keke ina riƙe mata yaron, ta sa tsohon zanen gado mai laushi a ciki tunda garinmu ba Jos ba ne, sannan ta tafi da shi gida ta bi da babban ɗinki da farin zare, layi ɗaya kowane dare bayan isha'i. Layi 20 ne a tsaye da kwance idan ta ratsa tsakiyar kowane ƙyalle. Ta zazzage ledarta a tabarmata, muka ware masu shuɗi da masu ruwan goro, ta ɗauki kwalin da na yanka mata ta fara zana na farko.